Kujera Ɗaya, Ƙananan Hukumomi Uku: Tarihin Mata Da Ƙa'idar Zaɓe Daga Gwandu Zuwa Dosso

Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya da ya share wa Nijeriya hanyar samun mulkin kai. Kujeru 312 aka fafata a kansu, 174 daga ciki na Jihar Arewa ne. A Legas da Ibadan da Inugu mata sun fito sun jefa ƙuri'a. A Gwandu da Kambaza da Kalgo kuwa, da Arewa baki ɗayanta, babu macen da ta taɓa takardar zaɓe, don doka ta ce namiji kaɗai ke da wannan dama. Sai a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka buɗe wa matan Arewa ƙofar, suka kuma shiga zaɓen tarayya karon farko a 1979. A lissafa: yarinyar da aka haifa a Kambaza a 1938 ta cika shekara 21 a shekarar wancan zaɓe, amma sai da ta kai 41, wataƙila da jika a bayanta, kafin a tambaye ta wa take so ya wakilce ta a Legas.

Tun kafin 1959 ɗin ma Arewa ta ɗanɗana yadda ƙa'idar ƙirga ke iya juya sakamako. A zaɓen 1951, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson, ba kai tsaye ake zaɓe ba. Masu biyan haraji su zaɓi wakilan unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a yi ta hawa har matakin lardi, inda aka ba En'e ikon cusa nata mutanen cikin masu zaɓen ƙarshe. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma kafin a kai matakin ƙarshe an tace su tas. Ba a saci akwati ba, ba a doki kowa a rumfa ba. Rariyar ce aka saƙa ta yadda sai abin da ake so zai wuce.

NEPU ɗin ce kuma ta riƙa neman a ba mata ƙuri'a, NPC mai mulki tana cewa lokaci bai yi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, ta kuma rayu har ta ga an yi. Malam Aminu Kano ya ƙara gaba: ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983, sai dai Allah Ya yi masa rasuwa a watan Afrilun shekarar kafin a kai ga zaɓen.

To, an samu ƙuri'a. Kujera fa? Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ta soma da mata 3 a 1999, ta kai 9 a 2007, wanda shi ne mafi yawa da aka taɓa gani, sannan a zaɓen 2023 ta koma 3, kotu ta ƙara ɗaya daga baya. A Jihar Kebbi an samu Hajiya Halima Hassan Tukur da ta wakilci Yauri da Shanga da Ngaski a Majalisar Wakilai bayan zaɓen 2007, kuma irinta ba su cika yatsun hannu ba. Alhali duk wanda ya taɓa leƙa rumfar zaɓe a ƙasar Gwandu ya san layin mata ba ya gajarta, su ne kan jure rana da goyo har a rufe akwati.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce al'ada da talauci da ƙarancin karatun boko. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma wannan yanki ne da ya san 'yan taru na Nana Asma'u, 'yar ɗan'uwan Malam Abdullahin Gwandu, waɗanda jajinsu ke sa malfa su ratsa ƙauyuka suna karantar da mata tun a ƙarni na 19, don haka mace mai jagoranci ba baƙuwa ba ce a nan. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne maƙwabta. Daga Kamba ka tsallaka Gaya, kana Jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar: Hausa da Zabarmanci da Fulatanci iri ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwanni ɗaya, talaucin ma in ba su fi mu ba to ba mu fi su ba. A zaɓen 1999 mace ɗaya tak ta shiga majalisar dokokin Nijar mai kujeru 83. A 2000 suka kafa dokar kaso, wadda ta ce kowane jinsi kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na zaɓaɓɓu. A zaɓen 2004 mata suka zama 14 cikin 113. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kuma majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 2020 ta fito da mata kusan rubu'i. Ba al'adar Dogon Dutse ce ta sauya cikin shekara biyar ba. Ƙa'ida aka sauya.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wani abu: idan shiri ya yi ta fitar da amsa iri ɗaya komai bambancin bayanan da aka zuba masa, ba bayanan ake tuhuma ba, sai a buɗe umarnin da ke ciki. Umarnin da Nijeriya ta gada daga Ingila gajere ne: mazaɓa ɗaya, kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka, ko da ƙuri'a guda ya fi. Kambaza tana cikin mazaɓar tarayya ta Aliero da Gwandu da Jega, Kalgo kuma tana tare da Birnin Kebbi da Bunza. Ƙananan hukumomi uku, kujera ɗaya, kuma kowace jam'iyya suna ɗaya za ta miƙa wa INEC, tunda tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Ka sa kanka a matsayin shugaban jam'iyya. Kana da harsashi ɗaya. Ga mai ci yanzu yana son komawa, ga attajirin da ya riƙe jam'iyya lokacin da ba ta da ko sisi, ga ƙaramar hukumar da ke kukan an daɗe ba a ba ta ba. Kafin a zo kan tambayar mace ko namiji, tikitin ya riga ya tafi. Ba ya ma buƙatar ya ƙi mata a zuciyarsa, tsoron faɗuwa ya ishe shi.

Sai a ɗora sauran shingayen a kan wannan. A 2022 jam'iyyar APC ta sa wa fom ɗin takarar Majalisar Wakilai naira miliyan 10, na Dattawa miliyan 20. An sauƙaƙa wa mata kuɗin fom, gaskiya ne, amma fom shi ne mafi arha a cikin hidimar: sallamar daliget, motocin kamfe, tarukan da ake yanke magana ƙarfe biyun dare a falon wani babba. Ga kuma matsalar asali: wadda aka haifa a Gwandu ta yi aure a Argungu, can a ce mata baƙuwa, nan a ce ai ta tafi.

Nijar ta bi tsarin jerin sunaye. Kafin juyin mulkin 2023, mafi yawan kujerunta a matakin jiha ake raba su, kowace jam'iyya ta kawo jerin 'yan takara, ta samu kujeru gwargwadon kason ƙuri'unta. Mu gwada da Kebbi, wadda ke da kujeru 8 a Majalisar Wakilai. A ce jihar mazaɓa ɗaya ce, doka kuma ta ce a jera namiji, mace, namiji, mace. Jam'iyyar da ta ci 5 za ta tura aƙalla mata 2, wadda ta ci 3 ta tura aƙalla 1. Mata 3 cikin 8 ke nan, ba tare da ko mutum ɗaya a Kambaza ya sauya ra'ayinsa ba. Shugaban jam'iyyar nan da ke da harsashi ɗaya yanzu yana da takwas, sa mace a jeri ba ya hana attajirinsa wuri. Sirrin yana wurin matsayi a jerin: in ba a tsare shi ba, sai a tara matan a ƙasa inda ƙuri'a ba ta kaiwa. Shi ya sa dokar Nijar ta ɗora kason a kan waɗanda suka ci, ba a kan waɗanda suka tsaya kawai ba.

An gani a wasu wurare. Niyuzilan ta bar tsarin Ingila ta koma na gauraye a 1996, mata suka tashi daga kashi 21 zuwa 29 a zaɓe guda. Senigal ta kafa dokar raba-daidai a 2010, a 2012 mata suka ci 64 cikin 150. Ruwanda ta keɓe musu 24 cikin 80 tun 2003, suka zarce rabi a 2008.

Ba zan ce jerin sunaye ba shi da aibi ba. Yana ƙara wa iyayen jam'iyya ƙarfi, don mai rubuta jeri shi ne sarki, kuma ba wuya gurbin mata ya koma na matar wane da ƙanwar wane. Mutumin ƙauye ma yana son sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa in rijiyar burtsatse ta lalace, jeri kuwa ba shi da ƙofa. Majalisar Nijar ɗin nan mai rubu'in mata sojoji sun rushe ta a watan Yulin 2023. Duk da haka, tsakanin ƙa'idar da ke da illa da wadda ta shekara arba'in da ɗoriya tana fitar da kusan sifiri, ni dai na san wadda zan fara gyarawa.

Nijeriya ta rubuta kashi 35 cikin 100 a manufarta ta jinsi tun 2006, amma manufa ba doka ba ce, babu jam'iyyar da INEC ta taɓa mayar wa jerinta saboda ita. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har da na keɓe musu kujeru. Ba abin mamaki ba ne, masu jefa ƙuri'ar su ne waɗanda tsohuwar ƙa'ida ta kawo. Ƙudirin da aka sake gabatarwa a 2024 ya kauce wa taɓa kujerar kowa: ya nemi a ƙara sabuwa ɗaya a Dattawa da ɗaya a Wakilai ga kowace jiha da Abuja, mata kaɗai su yi takara a kansu. Dabara ce, amma tana da nata nauyin. Macen Kambaza da ta nemi irin wannan kujera ba ƙananan hukumomi uku za ta zagaya ba, 21 ne, daga Kamba har Zuru da Yauri, kusan hidimar mai neman gwamna. Kuma gyaran tsarin mulki sai ya samu kashi biyu cikin uku a majalisun Abuja biyu, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, ciki har da yiwuwar a nemi hannun 'yan majalisa 24 da ke zama a Birnin Kebbi.