Wifi na jama'a: inda hatsarin yake da yadda ake kare kai

Wifi na jama'a shi ne intanet marar waya da ake buɗe wa kowa a filayen jirgin sama, otel-otel, tashoshin mota da gidajen abinci. A ƙasashe irin su Kamaru, Benin, Togo da Burkina Faso akwai kuma wuraren da ake kira "wifi zone" a cikin unguwanni, inda ake sayen tikiti na awa ɗaya ko na yini guda a farashin da ya fi na data sauƙi. Ga ɗan kasuwar da ya tsallaka iyaka daga Gaya zuwa Malanville, ko daga Kuseri zuwa Njamena, wanda layinsa ya daina aiki ko kuɗin kira ya ninka, sau da yawa irin wannan wifi ne hanyar farko ta sanar da gida cewa ya sauka lafiya. A daidai wannan lokaci na gaggawa ne kuma masu kutse suka fi samun sa'a.

Yadda yake aiki

Waya tana magana da akwatin wifi ne ta iska, kuma duk na'urar da ke kusa tana iya kama abin da ke wucewa. Idan wifi ɗin yana da kalmar sirri, ana kulle saƙon tsakanin waya da akwatin da tsarin WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018. Idan a buɗe yake, babu wannan kulle.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Shafin da ke buɗewa yana neman lambar tikiti ba makulli ba ne, mai karɓar kuɗin shiga ne kawai. Yawancin wifi zone a buɗe suke duk da tikitin da ake saya. Haka ma kalmar sirrin da aka rubuta a bangon otel: tana hana na waje shiga, amma kariyarta kaɗan ce tsakanin baƙin da duka suka san ta.

Abin da ya sauya tun 2010

A watan Oktoban 2010 wani mai tsara manhaja a Amurka ya fitar da Firesheep, ƙaramar manhajar da ta nuna cewa wanda ke zaune a shagon shayi ɗaya da mutum zai iya shiga asusunsa na Facebook ko Twitter ba tare da sanin kalmar sirrinsa ba. Wannan ya tilasta wa manyan kamfanoni komawa tsarin HTTPS, wanda ke kulle saƙo tun daga waya har zuwa shafin da ake ziyarta. Facebook ya mayar da shi dole ga kowa a 2013. WhatsApp ya kammala kulle saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa a Afrilun 2016. Tun Yulin 2018 kuma Chrome yake sa alamar "Non sécurisé" a kan duk shafin da ba ya amfani da HTTPS.

Saboda haka a yau mai akwatin wifi, ko wanda ya laɓe a kansa, ba ya iya karanta hirar WhatsApp ko kalmar sirrin da aka shigar a shafin banki na gaskiya. Abin da yake iya gani shi ne sunayen shafukan da aka ziyarta, lokacin da aka shiga, da yawan datar da aka ci. Leƙen asiri ya yi wuya, sai ɓarayi suka koma yaudara: maimakon su saci kalmar sirri a hanya, sai su sa mai ita ya miƙa musu da hannunsa.

Wifi na bogi

Kowa na iya raɗa wa wifi sunan da ya ga dama. Da ƙaramar na'ura da ke shiga aljihu, ko ma da waya, ɗan damfara zai buɗe wifi mai sunan otel ko na filin jirgi. Wanda ya shiga sai shafi ya buɗe masa yana cewa ya sa adireshin imel da kalmar sirri, ko ya shiga da asusun Facebook, kafin a ba shi intanet. Duk abin da ya rubuta yana sauka ne a hannun mai na'urar.

An ga haka a Ostareliya a 2024. Ma'aikatan wani jirgin sama sun lura da baƙon wifi a cikin jirgi, ƴan sanda suka binciki kayan wani fasinja a filin jirgin Perth suka sami na'urar. An tuhume shi da kafa irin wannan tarko a cikin jirage da filayen jirgin Perth, Melbourne da Adelaide don tattara bayanan shiga asusun mutane.

Ƙa'idar da ke raba gaskiya da bogi mai sauƙi ce. Wifi na halal yana iya neman lambar tikiti, lambar ɗaki ko amincewa da sharuɗɗa. Ba shi da abin yi da kalmar sirrin imel, ta Facebook, ko lambar sirrin asusun kuɗi. Haka kuma duk wifi da ya ce sai an sauke wata manhaja ko an girka wata "certificat" kafin a shiga, a fita daga cikinsa.

HTTPS ma ba shaidar gaskiya ba ce. Yana tabbatar da cewa saƙon a kulle yake tafiya, amma bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne, domin shafukan damfara su ma suna samun sa. Wannan ruɗani na cikin dalilan da suka sa Chrome ya cire hoton kwaɗo daga gefen adireshi a 2023. Abin dubawa shi ne adireshin kansa, harafi bayan harafi.

Wata matsalar ita ce harshe. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, gargaɗin waya da Faransanci yake fitowa, wanda bai iya karanta shi ba kuma yakan danna ya wuce. Idan allon ya nuna "Votre connexion n'est pas privée", ma'anarsa Chrome ya kasa tabbatar da cewa shafin na gaskiya ne. A kan wifi na jama'a, a nan ake tsayawa.

Kuɗi da lambobin sirri

Masu amfani da Orange Money, MTN MoMo, Airtel Money ko Moov Money suna da hanyar da ba ta bi ta wifi ko kaɗan: gajerun lambobin da ake bugawa da alamar * ko #. Waɗannan ta layin waya suke tafiya. Idan kuma da manhajar banki za a yi aiki, ya fi kyau a kashe wifi a kunna data na ƴan mintoci.

Lambar da WhatsApp ke turowa ta SMS mai alƙaluma 6 ita ce makullin asusun. Wanda ya same ta zai mayar da asusun kan wayarsa, ya shiga aika wa dangi saƙon neman kuɗi da sunan mai shi. Iyalan da ke warwatse tsakanin ƙasashe biyu ko uku, waɗanda suka saba da tura kuɗi bisa saƙon waya, su ne wannan damfara ta fi cutarwa. Maganinta yana cikin WhatsApp ɗin: Paramètres, sai Compte, sai "Vérification en deux étapes", inda mutum zai zaɓi tasa lambar sirri ta biyu.

Batun VPN

VPN manhaja ce da ke kulle duk abin da ke fita daga waya ta bi da shi ta kwamfutar wani kamfani. Mazauna Chadi sun san ta sosai tun lokacin da aka toshe shafukan sada zumunta daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019. A kan wifi na jama'a tana hana mai akwatin ganin shafukan da ake ziyarta. Sai dai abin da aka ɓoye masa, kamfanin VPN ɗin yana gani, kuma na kyauta da yawa da tallace-tallace da bayanan masu amfani da su suke samun kuɗi. VPN kuma ba ta ceton wanda ya rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi.

Matakan kariya

A tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunan wifi kafin a shiga, musamman idan sunaye biyu masu kama da juna suka bayyana.

A kashe haɗuwa ta kai-tsaye, wato "Connexion automatique". Waya tana tuna sunan duk wifi da ta taɓa shiga, kuma idan buɗaɗɗe ne za ta iya komawa kan duk wanda ya ari sunan ba tare da mai ita ya sani ba. Bayan an gama, a danna "Oublier" ko "Supprimer" don ta manta da shi.

A riƙa sabunta waya da manhajoji. A 2017 masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun gano ɓaraka a tsarin WPA2 da aka sa wa suna KRACK, kuma ta hanyar sabuntawa aka toshe ta. Tsohuwar wayar da ta daina samun sabuntawa ba ta dace da harkar kuɗi a kan wifi na jama'a ba.

A kan kwamfuta, a zaɓi "Réseau public" a Windows domin sauran na'urori su daina ganin fayiloli.

Kada a yi amfani da kalmar sirri ɗaya ga imel, Facebook da banki. Idan ɗaya ta fita, sauran su tsira.

Idan an riga an faɗa tarko

A fita daga wifi ɗin, a kunna data, a fara sauya kalmar sirrin imel, domin ta imel ake dawo da sauran asusun. A duba "Appareils connectés" a WhatsApp a cire duk na'urar da ba a sani ba. Idan an ƙwace asusun, sake yin rajista da lambar wayar yana fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar ta biyu, ana jiran kwana 7. Idan lambar sirrin kuɗi ce ta fita, a kira kamfanin ko a je ofishinsa a rufe asusun nan take. Sannan a kira ƴan uwa da murya a gaya musu kada su tura ko dala bisa wani saƙo da ya zo da sunan mutum.