Asalin Kalma: Farfesu

Farfesu baƙuwar kalma ce da ta zama 'yar gida. Daga Turancin "pepper soup" ta fito, wato romo mai barkono. Bakin Bahaushe bai saba da p ba, sai ya mayar da ita f, kamar a fensir da famfo, ya yar da ta ƙarshen.

Da Babbar Sallah ake jin kalmar a kowane gida. A babbake kan rago da ƙafafu, a kankare, a ɗora da citta, kanumfari, masoro da albasa, wuta kaɗan-kaɗan har ƙashi ya saki daɗinsa. Ruwan nan shi ne romo, da shi ake haɗa miyar washegari. Uwargida, kada ki zubar da shi, dunƙulen kanti bai kama ƙafarsa ba.