Zaman Bincike a Sakkwato: Hujjar Sauke Matasan Masana Kusa da Littattafai

Tsakure

Wannan maƙala tana duba tsarin nan da ake ɗauke matashin malamin jami'a daga aji na wasu watanni, a ba shi masauki da guzuri a wata cibiya domin ya duƙufa ga bincike da rubutu. Ta nuna cewa fitattun cibiyoyin da ke yin haka a Afirka suna nesa da inda rubuce-rubucen Daular Usmaniyya suke, sannan ta kafa hujjar cewa Sakkwato ta cancanci nata shirin, bisa tarihinta na saukar baƙin ilimi da kuma irin aikin da littattafan hannu ke buƙata.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya kammala digirin digirgir a tarihi, ko adabin Hausa, ko Larabci, a wata jami'a ta Arewa, yakan fito da kundi mai kauri wanda ya ci masa shekaru. Daga ranar da ya kare shi gaban masu jarrabawa, sai sashe ya ɗora masa kayan da manya suka sauke: azuzuwan 'yan shekarar farko masu ɗaruruwan ɗalibai, makin takardu, haɗa sakamako, duba kundayen masu kammalawa. Ƙa'idar ƙarin girma kuwa ƙidayar maƙalu take yi, don haka sai ya yayyanka kundin gunduwa-gunduwa ya rarraba wa mujallu, littafin da ya kamata ya fito daga cikinsa ya sha ruwa. Hutun sabatikal sai an yi nisa a aiki ake samunsa, kuma da yawa daga masu samunsa koyarwa suke tafiya yi a wata jami'ar saboda albashi biyu. Ko yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 bai zama lokacin rubutu ba, domin wanda aka tsayar wa albashi neman abin cefane ne a gabansa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babban abin da matashin masani ya rasa lokaci ne mara yankewa, a kusa da kayan aikinsa, cikin mutanen da za su karanta abin da ya rubuta su faɗa masa gaskiya. Kuɗin bincike da ake tura wa mutum yana nan a ofishinsa ba ya sayo masa ko ɗaya daga cikin ukun nan.

2.0 Yadda ake yi a wasu wurare

Cibiyar zurfafa bincike ta Firinston a Amurka, wadda aka kafa a 1930, ita ce akan kafa misali da ita: ana gayyato masani, ba a ba shi aji, ba a ba shi jarrabawa, aikinsa tunani da rubutu. A nahiyarmu, shirin da ya fi taɓa matasan Nijeriya shi ne wanda majalisar ƙungiyoyin masana ta Amurka, ACLS, ta fara a 2008 da kuɗin gidauniyar Carnegie. Ƙasashe biyar ya shafa: Gana, Nijeriya, Tanzaniya, Yuganda da Afirka ta Kudu. Kafin shirin ya ƙare, yakan sauke wa mutum nauyin koyarwa na shekara, ya ba shi damar zaman 'yan watanni a wata cibiya a wajen ƙasarsa, ya kuma haɗa shi da manyan masana su tace masa daftarin littafi. Cibiyar STIAS da ke Sitelenbosh a Afirka ta Kudu tana da shirin Iso Lomso na matasan masanan Afirka, wanda ke riƙe mutum shekara uku yana zuwa yana komawa. A 2018 kuma aka buɗe cibiyar MIASA a Jami'ar Gana da ke Legon da tallafin gwamnatin Jamus.

Babu mai musun alherin waɗannan shirye-shirye. Sai dai abu biyu sun bayyana a kansu. Na farko, kuɗinsu daga waje yake, ranar da mai gidauniya ya sauya alƙibla shiri ya tsaya. Na biyu, ga wanda ke nazarin wasiƙun Waziri Giɗaɗo ko waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, zuwa Legon ko Sitelenbosh yana ba shi natsuwa da babban ɗakin karatu, amma yana raba shi da takardun da zai karanta da dattawan da za su warware masa su. Irin wannan zama ya dace da mai ƙarasa rubutu. Wanda ke tsakiyar tono kuwa, wani wuri yake buƙata.

3.0 Sakkwato da baƙin ilimi

Tafiya a sauka wurin malami tsohuwar hanya ce a wannan ƙasa. Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu wurinsu da littattafan da ya sauke a gaban kowanne. Bayan an kafa daula sai Sakkwato ta zama masauki ita kanta. Alhaji Umaru Futi, a hanyarsa ta komowa daga hajji, ya yada zango a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi shekaru yana karantarwa yana wallafa, ya auri 'yar Bello, bai tashi ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Ko Baturen Birtaniya Kilafaton, da ya zo a 1824 ya sake dawowa a 1826, Waziri Giɗaɗo ne ya kula da saukarsa, kuma cikin tsarabar da ya kawo wa Bello har da littafin lissafi na Iƙlidisu cikin Larabci.

Bai kamata a shafa wa wancan zamani zuma fiye da kima ba. Natsuwar da malamai suka samu gandaye ne suka ɗauki nauyinta, kuma bayi ne suka noma da yawa daga cikinsu. Baƙo kuma yana cin arzikin yardar mai masauki ne, in ta gushe zama ya ƙare. Abin ɗauka a ciki shi ne fahimtar da shugabannin lokacin suka yi cewa wallafa aiki ne mai cin lokaci, kuma wajibi ne wani ya ɗauke wa mai yin sa ɗawainiyar ci da kwana.

Misali mafi kusa da mu ya faru a farkon shekarun 1960. Murray Last, saurayi ɗan Ingila mai karatu a Jami'ar Ibadan, ya zo ya zauna a Sakkwato ƙarƙashin kulawar Waziri Junaidu, yana karanta littattafai da wasiƙun da ke gidan Waziri a Giɗaɗawa, yana tambaya ana ba shi amsa. Ya sami digirinsa a 1964, littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, har yau kuma ba a rubuta tarihin daular ba tare da an leƙa shi ba. Haka Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato tana bin rubuce-rubucen Nana Asma'u da taimakon Waziri, har ta fitar da tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Last da Boyd ba su fi 'ya'yan ƙasa basira ba. Sun sami lokaci, sun sami takardu, sun sami malami a kusa. Waziri Junaidu ya rasu a 1997, kuma abin da ya yi wa baƙi don karamcinsa bai zama tsari tabbatacce da matashi daga Gusau ko Katsina ko Maraɗi zai nema ya samu ba.

4.0 Me ya sa sai an zo an zauna

Za a iya cewa zamani ya wuce nan, tunda ana ɗaukar hoton takardu a tura ta intanet. Wanda ya taɓa kwance gafaka ya san iyakar wannan magana. Littafin hannu na ƙasar nan ba ɗinkakke ba ne. Warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, babu lambar shafi, sai kalma ɗaya da magwafi ya rubuta a ƙasan warƙa don nuna kalmar da za ta buɗe ta gaba. In gara ta ci wannan kusurwa, ko wani ya karanta ya mayar a hargitse, sai mai bincike ya bi ma'ana da nahawu ya sake jera su. In yana son sanin shekarun kwafin, sai ya ɗaga warƙar ga haske ya nemi tambarin da ke cikin jikin takardar, irin jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka riƙa ratso Sahara. Sunan magwafi, in ya rubuta shi, yana can ƙarshe, kuma sau da yawa sai dattijon unguwa ne zai ce wane ne, ɗan wane gida ne, almajirin wa ne. Waƙar ajami kuma tana iya ɗauke da kalmar Sakkwatanci da ta bar bakin mutane, ko ta kasance fassara ce daga Fulatanci, wadda ba za a gane inda mai fassara ya ƙara ko ya rage ba sai an ajiye ta gefen asalinta.

Tahƙiƙin littafi ɗaya yana buƙatar a gwama kwafi uku ko huɗu: ɗaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ɗaya a Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani a hannun wani gida da ba ya fito da gafakarsa ga wanda ya zo yau zai koma gobe. Yarda sai da gaisuwa da zama da sabo. A nan kam zuwa da kai ya fi saƙo. Kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 ya lissafa ɗaruruwan ayyuka na Shehu da Abdullahi da Bello da zuriyarsu. An yi wa wasu bugun kasuwa, an fassara wasu, amma waɗanda aka yi wa tahƙiƙi na ilimi ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da abin da ya rage. Wannan aiki ba ya yiwuwa a hutun mako biyu tsakanin zangon karatu da zangon karatu.

5.0 Abin da masu ja za su ce

Na farko kuɗi. Jami'ar da ke fama da kuɗin lantarki, yaya za ta ciyar da mutum don ya zauna ya yi karatu? Amsar ita ce, a duk nau'o'in bincike babu mai arha kamar wannan. Ba ya son ɗakin gwaji ko injuna. Ɗaki ne da fanka da wutar sola, da teburi, da alawus, da kuɗin wanda zai riƙe wa mutum azuzuwansa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa kan harajin ilimi da kamfanoni ke biya, a baya ya saba tura malamai karatu waje da kuɗi masu nauyi. Akwai kuma hanyar waƙafi, wadda Musulmi suka daɗe suna riƙe makarantu da ɗakunan karatu da ita, ga shi Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi. Gida ɗaya da wani attajiri zai tsayar, da shaguna biyu da hayarsu za ta riƙe shi, sun fi tallafin waje daɗewa.

Na biyu tsaro. Gaskiya ne hare-haren 'yan bindiga a yankunan Isa, Sabon Birni da Rabah sun sa fita ƙauye ta zama kasada. Amma wannan hujja ce ta gaggauta aikin, domin idan gari ya watse, gafaka ba ta cikin kayan da ake fara ɗauka. Ƙone wasu littattafai da aka yi a cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a Janairun 2013 ya isa ishara.

Na uku, kuma shi ne mafi ƙarfi, sanayya. Idan zaɓe ya koma hannun wa ka sani, shirin zai zama wata kafar raba alawus. Maganinsa a sa masu tantancewa daga wajen jami'ar da ke masauki, a cire sunan mai nema daga takardar da za su karanta, a kuma ƙayyade kason da 'yan gida za su iya samu.

6.0 Siffar shirin da ake shawarta

Ba sai an fara da babban gini ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 aka sa mata wannan suna a 1988, tana iya haɗa hannu da Hukumar Tarihi da Majalisar Sarkin Musulmi a ɗauki mutum shida a shekara, na wata shida, daga waɗanda ba su wuce shekara biyar da kammala digirin digirgir ba. Sharaɗi na farko shi ne jami'ar mutum ta sake shi saki na gaskiya, ba a riƙa kiransa a waya ya zo ya haɗa sakamako ba. A ware gurbi ga 'yan Nijar, tunda Ƙonni tana nan bayan Illela, kuma cibiyar IRSH ta Yamai tana da tarin littattafan hannu da ke cike giɓin namu. A tanadi masaukin da mace mai goyo za ta iya zama da mai taya ta reno, in ba haka ba garin Nana Asma'u zai yi shirin maza zalla. A kuma buɗe ƙofa ga malamin zaure da ya ƙware a Larabci ko ajami ko da ba shi da takardar jami'a, ya zauna a matsayin abokin aiki mai alawus, a sa sunansa a kan abin da aka wallafa.

Kowane mako a yi zama ɗaya inda mutum zai karanta babin da ya rubuta a yi masa tankaɗe da rairaya. A ƙarshe ya miƙa abu biyu: daftarin littafi ko tahƙiƙi, da lacca ɗaya cikin Hausa ga mutanen gari. Gidan da aka karanta takardunsa a mayar masa da kwafin aikin, a gyara masa ma'ajiyarsa.

7.0 Kammalawa

Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya assasa a 1970, ya nuna cewa cibiyar bincike tana iya tsayuwa a Arewa ta rayu. Taron ƙara wa juna sani na Sakkwato na 1975, wanda Yusufu Bala Usman ya tace takardunsa aka buga a 1979, ya nuna abin da ke fitowa idan masana suka haɗu a garin na 'yan kwanaki. Abin da ake nema yanzu shi ne a mayar da kwanakin watanni, a kuma bai wa matasa. Ma'aunin nasara a fili yake: bayan shekara biyar a ƙirga littattafai da tahƙiƙan da suka fito, a duba ko ana karantar da su a Zariya da Kano da Yamai. In ba su fito ba a rufe shirin. In sun fito, an sami masana talatin da suka iya karanta gadon nan daga tushensa, waɗanda za su koyar da na bayansu.