Tsuntsaye da Raɗin Suna a Kudancin Ƙasar Kano

Duk wanda ya ratsa ƙasar nan da ta taso daga Bebeji da Kiru, ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore har ta dangana da Doguwa da duwatsun Riruwai, ya san Allah ya hore mata tsuntsaye iri-iri, tun daga gauraka da zalɓe na bakin madatsar Tiga har zuwa burtu, wanda maharba ke ɗaura siffar kansa a goshi su yi sanɗa. Amma duk da wannan dogon zaman tare, da wuya ka ji liman ya raɗa wa jariri sunan tsuntsu ran suna, kuma dalilin haka yana cikin tarihi.

Kafin Musulunci ya kafu, kakanninmu ba kyan lafazi suke bi wajen sa suna ba, halin da haihuwa ta zo a ciki suke adanawa. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko, macen da ta biyo maza Kande, wanda ya biyo tagwaye Gambo, wanda ya daɗe a ciki Shekarau, wanda ya faɗo ana tsakar ruwa Anaruwa. Matar da ke wabi kuwa takan kira 'yarta Ajuji, wai don mutuwa ta raina ta ta ƙyale. Da yake tsuntsu ba ya ba da labarin ranar haihuwa ko matsayin yaro cikin 'yan'uwansa, sai rabonsa ya ƙaranta cikin wannan tsari, wanda Maguzawan wannan yanki suka fi kowa daɗewa a kansa.

Da Wangarawa suka iso Kano zamanin Sarki Yaji (1349–1385), aka kuma sami Shehu Magili zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), sai sunna ta shigo da nata ƙa'idodi, watau huɗuba a kunnen jariri, da yanka rago a rana ta bakwai, da aski, da zaɓen suna daga na annabawa da sahabbai da salihan bayi. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 kuwa ya ƙara dasa wannan har cikin ƙauyuka. Jimina ta sami shiga fada tun zamanin Rumfa, inda aka yi figini da takalman sarauta da gashinta, amma ko ita ba ta kai ga zama sunan yanka ba.

Ƙofar da ta rage wa tsuntsaye ita ce ta laƙabi da kirari, kuma nan suka yi sheƙa. Saboda alkunya, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, suruka ba ta kama sunan wanda ya ci sunan mahaifin mijinta, don haka dole a nemo wani abin kira. Makaɗa da maroƙa kuma, in sun so kambama ɗan kokawa ko maharbi, sai su ce shaho ko mikiya, mai zuciya su ce zakara, budurwa mai natsuwa kuwa kurciya ko tantabara. Sai dai Bahaushe ya riga ya yanke wa kowane tsuntsu hukunci bisa ɗabi'arsa: shamuwa mai bushara ce da damina, balbela abar misali ce wajen tsafta, amma mujiya abar camfi ce, ungulu ta ƙazanta, hankaka kuwa mai da ɗan wani nasa ne, kuma babu uban da zai yarda a jingina ɗansa da waɗannan.

A zamanin nan da iyaye ke ɗokin sunan da ba kowa ke da shi ba, suna tono shi daga littattafai da wayoyin hannu, yana da kyau a sani cewa shari'a ba ta toshe hanyar raɗa sunan tsuntsu ba. Ikrimatu sunan sahabi ne, ma'anarsa kuwa macen tantabara. Haisam ɗan mikiya ne. Alhudahuda, wanda Suratun Namli ta ambaci aikensa tsakanin Annabi Sulaimanu da sarauniyar Saba'u, har wata tsohuwar kwaleji a Zariya ta ci sunansa. Sharaɗin da malamai suka gindaya shi ne kyawun ma'ana, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana sauya munanan sunaye da kyawawa. Saboda haka wanda ya yi nufin raɗa irin wannan suna, ya fara tambayar malami ma'anarsa, sa'an nan ya tambayi tsofaffin gidansu abin da mutanen gari ke faɗa game da tsuntsun, domin yaron ne zai amsa shi a makarantar allo da kasuwa har ranar da za a kira shi da shi a gaban Ubangiji.