Tsohuwar talabijin da wasannin gem na da

A garuruwa irin su Haɗeja a jihar Jigawa, tsohuwar talabijin mai doro ta koma kayan 'yan jari-bola, waɗanda ke fasa ta domin su cire wayar tagulla. Sai dai an daina ƙera irinta, kuma masu sha'awar wasannin gem na da suna ganin babu allon da ya kai ta.

Wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, shi ne ya ƙirƙiro kwalbar da ke cikinta a shekarar 1897. Kamfanin Sony ya daina ƙera samfurinsa na Trinitron a 2008, daga baya sauran kamfanoni suka bi sahu.

Yadda take aiki

Talabijin ɗin na zana hoto ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, da wani tsinin lantarki da ake harbowa daga bayan kwalbar.

Tsarin PAL, wanda Nijeriya ta bi tare da yawancin ƙasashen Turai, yana da layi 625, kuma yana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa. Amurka da Japan sun bi tsarin NTSC mai layi 525, sau kusan 60 a daƙiƙa.

Wasanni irin su Pac-Man na 1980 da Street Fighter II na 1991 an tsara su ne domin irin wannan allo. Hotonsu bai wuce layi 240 ba, kuma masu zanen sun san kwalbar za ta gauraya launukan ta tausasa gefunan hoton. A allon zamani kuwa hoton kan fito da kaushi, sannan akan sami ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Bindigar wasan Duck Hunt ma ba ta aiki a yawancin sababbin allunan.

Haɗa ta da kwamfuta

A shekarar 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fito da manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injunan wasa na da.

Matsalar ita ce talabijin na karɓar layi kusan 15,700 ne a daƙiƙa, yayin da kwamfuta ke aiko da ninkin haka ko fiye. Idan aka haɗa su kai tsaye, hoton zai wargaje, wani lokaci ma na'urar ta lalace. Don haka sai an saita kwamfutar ta sauko, ko a yi amfani da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda wasu samfuranta ke iya aika hoto ta wayar nan mai ruwan ɗorawa.

A nan talabijin na gwanjo da aka shigo da su daga Turai suna da fifiko. Da yawansu na da wata faffaɗar kafa a baya mai suna SCART, wadda ke karɓar ja da kore da shuɗi kowanne daban, abin da ke ba da hoto mafi tsabta.

Idan hoto ya fito baƙi da fari, ko yana ta birgima, galibi saɓani ne tsakanin PAL da NTSC. Idan gefen hoton ya ɓuya, ana gyara shi a ɓoyayyen shafin saiti na masu gyara, amma ya kamata a rubuta lambobin asali a takarda kafin a taɓa komai. Tabon launi a kusurwa kuwa yawanci maganaɗisun sifika ne ya jawo shi. A janye sifikar, a kashe talabijin ta huce, sannan a sake kunnawa.

Yanayi da haɗari

Yankin kogin Haɗeja ba ya yi wa irin waɗannan na'urori sauƙi. Ƙurar hunturu na toshe ramukan iska, zafin bazara na gajiyar da kayan ciki, damina kuma na kawo laima. Ambaliya irin ta shekarun 2020 da 2022 ta shiga gidaje da dama a jihar, kuma talabijin da ta sha ruwa ba a kunna ta sai ta bushe sarai, mai gyara ya duba ta.

Wutar janareto mai hawa da sauka na buƙatar na'urar daidaita wuta. Talabijin da aka ƙera domin Japan kuwa wuta mai ƙarfin bolt 100 take sha, alhali ta Nijeriya 230 ce.

Babban haɗarin yana cikin akwatin. Kwalbar talabijin mai launi na aiki da bolt kusan 25,000, kuma tana iya riƙe wutar ko bayan an cire soket, saboda haka buɗe bayanta aikin ƙwararren mai gyara ne.

Gilashin kwalbar kuma na ɗauke da darma, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwar yara. Idan aka fasa shi a bola kusa da fadama, ruwan damina na iya wanke gubar zuwa ƙasar da ake noman shinkafa da kayan lambu.