Daga Barikin Soja Zuwa Zauren Taro: Shehu Musa 'Yar'aduwa

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar shanu a Wudil, Jihar Kano, ya ce gardama ta sarƙe musu a kara ran Juma'a: shin marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya taɓa zama ɗan majalisa bayan ya tuɓe kaki?

AMSA: To malam, gaishe ka da ciniki. Bai zauna a majalisar dokokin jiha ba, amma an zaɓe shi wakili daga Katsina a Taron Tsarin Mulki da aka buɗe a Abuja cikin 1994.

An haife shi a Katsina a 1943. Mahaifinsa Musa 'Yar'aduwa shi ne ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Ya koyi aikin soja a Sandhurst ta Ingila, ya kuma yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da aka kashe Janar Murtala ran 13 ga Fabrairun 1976, sai aka naɗa shi na biyu ga Janar Obasanjo. Su ne suka miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki ran 1 ga Oktoban 1979, shi kuwa ya yi ritaya da muƙamin Manjo Janar, ya kama noma da kasuwanci kamar ku.

Daga baya ya tsunduma siyasa. A 1992 shi ke kan gaba a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP, Janar Babangida ya soke zaɓen.

Ga inda gizo ke saƙa. A wancan taro na Abuja, shi da mutanensa suka tsaya kai da fata har aka zartar cewa soja su sauka a Janairun 1996. Wannan bai yi wa gwamnatin Janar Abacha daɗi ba. A Maris 1995 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Ya rasu yana tsare a Abakaliki ran 8 ga Disamban 1997, yana da shekara 54.

Ka ga ke nan, malam, wakilcin nasa ko shekara bai cika ba, amma a kansa ya rasa ransa. Allah ya jiƙansa. Da fatan gardama ta ƙare, a gaida mutanen Wudil.