Tsohuwar mota mai rufin buɗewa: shekara nawa za ta ƙara yi a kan hanya?

Daga cikin motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashoshin ruwa na Kwatano, Lome da Duwala kafin su kama hanyar Yamai, Maraɗi, Garwa ko Njamena, jefi-jefi akan ga wata mai rufin da ake buɗewa, irin wadda ake kira cabriolet ko décapotable da Faransanci. Samfuran da aka sani a kasuwar Turai, irin su Peugeot 306 Cabriolet, Peugeot 206 CC da Mercedes SLK ta farko, duk an daina ƙera su fiye da shekara 15 da suka wuce. Don haka mai saye yakan tarar agogon ya riga ya nuna kilomita da yawa, sai ya shiga tambayar ko motar za ta ƙara daɗewa, ko kuwa kuɗinsa zai ƙare a garejin makanike.

Injin fetur da aka kula da shi yakan kai kilomita 250,000 zuwa 300,000 kafin ya nemi babban gyara. Motar da ta yi 180,000, in ana tafiyar 10,000 da ita a shekara, tana iya ƙara shekara bakwai zuwa goma sha biyu ta fuskar inji. Sai dai a irin wannan mota ba kasafai inji ke fara mutuwa ba. Tsatsa, lalacewar rufi da ruwan da ke shiga ciki su ne suka fi ajiye ta.

Abin da agogon kilomita ke faɗa

Lambar da ke kan agogo tana nuna nisan da aka yi, amma ba ta nuna yadda aka yi shi. Kilomita 200,000 a kan manyan titunan Faransa ko Jamus sun fi wa inji da giya sauƙi a kan 100,000 na cunkoson gari, inda ake tsayawa ana tashi kullum. Yawancin masu irin wannan mota a Turai da bazara suke fito da ita, ta kwana a gareji duk lokacin sanyi. Hakan na rage kilomita, amma doguwar ajiya tana busar da robobi, tana ɓata man birki da tayoyi.

Akwai kuma batun ma'auni. Motar da ta fito daga Amurka ko Ingila da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Agogon da ya nuna 150,000 a irin wannan mota yana nufin kusan kilomita 241,000. Bayan haka ana iya juya agogo baya, shi ya sa takardun gyara suka fi lambar daraja. A Faransa ana kai mota binciken dole, wato contrôle technique, idan ta cika shekara huɗu, sannan duk bayan shekara biyu, kuma ana rubuta kilomita a kowace takarda. Jera waɗannan takardu yakan tona asirin agogon da aka taɓa.

Inji da giya

Wani malamin makaranta Ba'amurke, Irv Gordon, ya yi tafiyar fiye da mil miliyan uku da Volvo P1800 da ya saya a 1966, har ya shiga kundin Guinness. Motarsa mai rufaffen sama ce, amma darasin ɗaya ne: juyen mai a kan kari da canza abin da ya gaji kafin ya karye.

A tsohuwar mota abu biyu ne suka fi kashe inji farat ɗaya. Na farko shi ne bel ɗin da ke daidaita tafiyar bawul da fistin, wanda makanikai ke kira courroie de distribution. Gwargwadon samfuri, kamfanoni kan ce a canza shi tsakanin kilomita 60,000 da 120,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a kai wannan nisa ba. A injin 206 CC, in ya tsinke ana cikin tafiya, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su. A Mazda MX-5 ta zubin farko da na biyu, daga 1989 zuwa 2005, an tsara injin ta yadda ba sa haɗuwa, sai dai mota ta tsaya kawai. Na biyu shi ne zafi. Lagireto da ya toshe ko fankar da ta daina juyawa na iya ƙona gasket ɗin kan inji cikin ƴan mintuna.

Giyar hannu takan daɗe kamar injin, sai dai a canza kuloci. Giya mai canza kanta ta fi tsadar gyara, kuma tana bukatar a duba manta.

Tsatsa da ƙarfin jiki

A mota ta yau da kullum rufi yana cikin abin da ke riƙe jiki. Idan aka cire shi, nauyin ya koma kan ƙasan mota da ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, shi ya sa kamfanoni ke ƙara musu kauri. Tsatsar da za a iya yi wa uzuri a wata mota, a wannan takan zama ajali. Jiki ya fara murɗewa, ƙofa ta ƙi rufuwa daidai, gilashin gaba ya riƙa rawa a kan gargada.

Tsatsar daga Turai take tahowa, domin a ƙasashen sanyi ana zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Kowane samfuri yana da wurin da aka san shi da ita. A tsohuwar MX-5 ƙarafan ƙasan ƙofa ne da bakin tayoyin baya, sau da yawa saboda hanyoyin da ke fitar da ruwan rufi sun toshe. A Mercedes SL samfurin R107, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, bangon da ke raba inji da wurin zama ne, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance wani abu. Walda na iya toshe ɗan rami, amma in tsatsa ta ci wurin da ƙafafun mota ke riƙe, kuɗin gyara yakan wuce darajar motar.

Rufin ƙyalle da rufin ƙarfe

Rufin ƙyalle ko na roba abu ne mai ƙarewa kamar taya. A Turai yakan yi kusan shekara goma, a ƙarƙashin rana mai ƙarfi kuwa ba ya kaiwa. Zaren ɗinki ke fara ruɓewa, sai tagar baya, in ta roba ce, ta yi duhu ta tsage. Amfaninsa shi ne sauƙi: wanda ake ɗagawa da hannu, kamar na tsohuwar MX-5, ba shi da abin lalacewa da yawa, kuma mai ɗinkin kujerun mota na iya yi masa faci.

Rufin ƙarfe mai naɗewa ya yaɗu ne bayan fitowar Mercedes SLK a 1996 da Peugeot 206 CC a 2000. Ya fi tare zafi, ƙura da ɓarayi, amma yana aiki da famfo mai matsin mai, bututu da ƙananan makunnai da yawa. Makunni ɗaya in ya toshe da ƙura, rufin na iya tsayawa rabi a buɗe. Ko wane iri ne, robobin da ke toshe kafofi in sun bushe ruwa zai shiga, ya kwanta ƙarƙashin kafet, ya ci ƙasan mota da wayoyin lantarki.

Abin da yanayin Sahel ke yi mata

Busasshiyar iskar Yamai, Damagaram ko Njamena tana rage wa tsatsa gudu, saɓanin laimar Duwala ko Kwatano. Amma zafin Afrilu da Mayu, da ke haura maki 40, yana gasa ƙyalle, robobi, fatar kujera da batir. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska da mahaɗan rufi, shi ya sa makanikai da yawa ke ba da shawarar juyen mai duk kilomita 5,000. Ruwan damina mai zuwa da ƙarfi yakan fallasa duk wata kafa da ke jikin rufi. Bugu da ƙari, waɗannan motoci suna kusa da ƙasa, hanyar burji da ramuka kan cinye shakazoba, su kuma ƙara sassauta jikin da dama ba shi da rufin da zai riƙe shi. Rumfa ko inuwa da tafiya a kan kwalta suna ƙara mata shekaru fiye da kowane irin mai.

Kayan gyara

Mota takan rayu muddin ana samun kayanta. A nan Peugeot ta fi sauƙi, domin injin 206 CC ko 306 Cabriolet iri ɗaya ne da na ƴan uwansu masu rufaffen sama da suka cika garejoji. Haka Peugeot 504 Cabriolet, da kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki daga 1969 zuwa 1983: mai silinda huɗu dangin inji ɗaya take da 504 ɗin da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Matsalar tana wajen abin da ya keɓanta da samfurin, kamar robobin rufi, gilashin ƙofa, famfon rufi da murfin but. Waɗannan sau da yawa sai an yi odarsu daga Turai, mota na jira makonni.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya kamata ya sa a ɗaga motar a duba ƙasanta da fitila, a ƙwanƙwasa ƙarafan ƙasan ƙofa. A buɗe rufi a rufe sau uku a jere, a zuba masa ruwa da bokiti ana duba ciki, a ɗaga kafet a shafa ko akwai danshi ko warin rima. A tayar da inji yana da sanyi, a bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi. In babu shaidar ranar da aka canza bel, a ɗauka ba a canza ba, a cire kuɗinsa daga farashi.

Motar da ta tsallake wannan gwaji, ga takardu, ga jiki mai lafiya, tana iya yin shekara goma ko fiye a hannun mai kula, da sharaɗin canza rufin ƙyalle aƙalla sau ɗaya. Wadda takardunta suka ɓata amma jikinta ba tsatsa, a yi mata lissafin shekara uku zuwa biyar tare da ajiye kuɗin gyara a gefe. Wadda tsatsa ta ci ƙasanta kuwa, ko agogo ya nuna kilomita 90,000 kacal, kwananta ya kusa ƙarewa. Ga iyalin da mota ɗaya tak za su dogara da ita zuwa aiki, kasuwa da asibiti, mai rufaffen sama ta fi zama abin dogaro.